Haɗin yatsu ya zauna, akwatin zaren Goggo ya kama hanya

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Alhamdulillahi, kusurwoyi huɗun nan sun shiga juna jiya da yamma, ba guduma ba ƙusa, da tafin hannu kawai na danna suka zauna, na ɗaga akwatin sama ko gam ban sa ba amma bai rabu ba. Wallahi na ji daɗi ba kaɗan ba, don haɗin yatsun nan, wato a yanka bakin allo yatsa-yatsa su shige guraben ɗaya allon, ya ci min rai ya kuma ci min katako.

Ga wanda bai bi aikin tun farko ba, akwatin ajiye zare ne nake yi wa goggona da ke cikin Birni, ɗinkin hula take yi a zaune kan tabarma. Sifek ɗin, wato yadda take son akwatin, daga bakinta na rubuta: tsawon ciki milimita 240, faɗi 160, zurfi kar ya gaza 65 saboda ƙullin zare da almakashi, murfi ya buɗu da hannu ɗaya don ɗayan yana riƙe da hula da allura. Sai na ƙarshe da ta fi nanatawa, "Ɗan nan, kar ka sa min kan ƙusa ko sartse a ciki, in zare ya saƙale ya yi gashi aikin ya ɓaci." Wannan ne ya sa na zaɓi haɗin yatsu tun farko. Samfurin kwali kam bai ɗau lokaci ba, ta gwada ta ce ya yi. Malaina na saya a 'yan katako na Sabon Gari, wan bai tuwal, wato kauri inci ɗaya faɗi inci goma sha biyu, aka fere min kaurinsa a inji zuwa milimita 12, falankin da kuɗin injin sai da suka tasar ma N9,000, kuma wajen rabinsa yanzu guntaye ne a buhu.

Da hannu na fara, zarto da cizal. Tsayin allon milimita 90, na raba gida 9, kowane yatsa 10 kowane gurbi 10, a takarda abu lafiya lau. A kan katako kuwa yatsa na farko da na biyu su shiga, na uku ya fara cijewa, kafin a kai ƙarshe yatsa na kallon yatsa maimakon ya kalli gurbi. Na canza fensir, na wasa cizal, abin dai yana nan. Sai wani abokina da ke karantar injiniyan kanikanci a ABU Samaru ya ɗauki allon ya ɗora rula ta ƙarfe a kai ya ce in duba lambobin da kaina: 10.2, 20.4, 30.7, haka har layin ƙarshe ya wuce wurinsa da fiye da milimita ɗaya da rabi. Awon sarƙa ke nan, ka auna 10 daga layin da ka ja, ka sake auna 10 daga sabon layin, kowane layi ya ɗauki kuskuren na bayansa ya ƙara nasa. In 0.2 ne kawai a kowane mataki, layuka 8 sun ba ka 1.6, kuma layin fensir kansa ya kai rabin milimita ko fiye. Maganin shi ne detum, gefe ɗaya tak da ka miƙar ka sa masa alama, duk awo daga nan zai taso, 10, 20, 30 har 80, to ko ka kuskure a layi ɗaya kuskuren a nan zai tsaya ba zai bi sauran ba. Mun zana irin wannan a Tekinikal Dirowin, mun haddace a Besik Tek, darasin da ya shigo makarantunmu a tsarin 6-3-3-4 na 1982 da sunan Intiro Tek, amma gaskiya sai da na ga allon nan a ƙarƙashin rula abin ya shige ni.

Detum da wuƙa maimakon fensir sun gyara da yawa, sai kuma kaf, wato abin da zarto ke cinyewa ya zama gari. Nawa na hannu yana cin kusan milimita 1, na injin sakula kusan 3, dole ka yanka ta ɓangaren da za a zubar ka bar layin a jikin yatsa. An samu kusurwa ɗaya mai kyau, amma baki takwas ne za a yanka kuma ina so in yi akwatin fiye da ɗaya don maƙwabtan Goggo har sun fara tambaya, shi ya sa na koma jig.

Ogan da nake zuwa shagonsa a Tudun Wada yana da rauta, injin da ke juya haƙori yana ƙwaƙule katako, da ya kife a ƙarƙashin tebur, ya ce in zo in yi amfani da ita bayan la'asar in dai zan zuba mai in an ɗauke wuta. Jig ɗin kun san shi, allon baya da ke zamewa, da ɗan fegi a jikinsa, ka yanka gurbi ka ɗaga allo ka zaunar da gurbin a kan fegi ka yanka na gaba. Abin da ya burge ni da shi, duk allunan da fegi ɗaya ake yanka su, saboda haka tazarar iri ɗaya ce a ko'ina, kuskure ba ya taruwa tsakanin allo da allo, abu ɗaya ne kawai ya rage ka daidaita, nisan fegi da haƙorin rauta. To a nan ne fa na sha wuya. Na sayi bit, wato haƙorin rautar, a kasuwa N4,500, mai shagon ya ce 10 ne, na fere fegi 10 cif, na yanka gurbin farko, fegi ya ƙi shiga. Na duba na sake dubawa, na zargi fegin na zargi teburin, har Oga ya miƙo min baniya kalifa, ma'aunin da ke kama kaurin abu daidai, ya ce "Ɗalibi, bar gardama da katako, auna bit ɗin." 9.5! Ashe bit ɗin na inci ne, uku bisa takwas, wanda in ka lissafa da 25.4 zai ba ka 9.525, kuma gurbin da yake yankawa 9.6 ne saboda 'yar rawar da yake yi in yana juyawa. Kasuwarmu inci da milimita a cakuɗe suke, ana kiran rabin inci 12 alhali 12.7 ne, sunan abu daban girmansa na zahiri daban. Don Allah ku duba ƙafar bit ma kafin ku ɗaura, kwata inci 6.35 ne ba 6 ba, in ka sa mai 6 a bakin kwata inci ba zai kamu da kyau ba yana iya zamewa injin na gudu, wannan ba abin wasa ba ne.

Kalifar nan kuwa tun 1631 wani Bafaranshe Pierre Vernier ya fito da dabarar ma'auninta, ta Oga tana karanta har 0.02, ba batir ba komai, sai dai ido ya saba. Ni yanzu na ƙudurta sai na mallaki tawa.

Na sake fere sanda ɗaya dogo har ta shiga gurbin daidai ba rawa, na raba ta biyu, ɗaya fegi ɗaya na sa tsakanin fegi da bit don in samu tazara. Gwajin farko a kan guntaye ya cije, sai da guduma, kuma da na buga sai ga tsaga ta bi tsawon allon. Yatsa 9.8, gurbi 9.6. Ka'idar mai sauƙi ce, in ya matse matso da fegi kusa da bit, in ya yi sako-sako nisanta shi, amma ta yaya za ka matsar da abu 0.2 da hannu? In na kwance kilam ɗin da ke matse allon baya na ɗan taɓa sai ya wuce, in na dawo da shi sai ya sake matsewa, ga janareta na shan mai a banza, litar nan kuma kun san yadda take yanzu, ranar na koma gida raina a ɓace ko abinci ban ci da daɗi ba. Dabarar da ta fitar da ni takarda ce. Takardar A4 ta yau da kullum mai giram 80 kaurinta kusan 0.1 ne. Na ɗaure ɗan katako a ƙarshen allon baya ta ɓangaren fegi ya zama birki, na kwance allon, na cusa takarda tsakaninsu, na tura na ɗaure. Takarda biyu yatsa ya dawo 9.6, yana shiga amma da ƙarfi. Takarda uku 9.5, ya shiga da tafin hannu yana ɗan huci. Da na ƙara ta huɗu don in gani, sai haske ya fara leƙowa ta tsakanin yatsun. Kun ga tolarans ɗin aikin nan, wato 'yar rarar da aka yarda da ita a awo, gaba ɗaya bai wuce kaurin takarda ɗaya ba, kuma haka na rubuta a zanen, yatsa 9.5, gurbi 9.6. Wasu na ganin wanda ya fi matsewa ya fi ƙarfi, ni ban yarda ba, don farin gam yana kumbura katako, kuma in babu 'yar kafa yatsa zai kankare gam ɗin ya turo shi waje, ka ƙare da haɗi busasshe ko tsagagge.

Sauran ƙananan abubuwa da suka taimaka, na sa siririn filawud a bayan allo don kar bit ya fasa bayan in zai fita, na ɗaga bit ya fi kaurin allo da rabin milimita don yatsu su ɗan leƙo in goge da samfefa, kuma gefen detum shi ne kullum yake fara fuskantar fegi a duk allunan huɗu. Tsayin ma ya canza, yatsu 5 da gurabe 4 sun ba da kusan 86 ba 90 ba, na yanke rarar daga baya. In na cire gindi da murfi zurfin ciki zai tsaya 66, da ƙyar na tsallake 65 ɗin Goggo.

Ban sa gam ba tukuna saboda murfi. Filawud mai 4 zan yi amfani da shi don ba ya motsi kamar katako zalla, amma jikin akwatin malaina ne kuma yanzu hunturu muke komai a bushe ƙamas, in damina ta zo watan Agusta zai sha laima ya kumbura ta faɗinsa, don haka zan bar wa murfin sarari kamar rabin milimita a cikin hanyarsa. Matsalar da ke gabana ita ce in na ja hanyar murfin da ta gindi daga baki zuwa baki, za ta ɓullo ta kan yatsa ta bar ƙananan ramuka a kusurwa. Oga ya ce in toshe da 'yan guntayen malaina in goge ba mai ganewa, abokina ya ce in tsayar da rauta kafin ta kai baki. Ni na fi karkata ga tsayarwar don ya fi tsafta, sai dai saukar da allo a kan bit yana gudu yana ba ni tsoro a kan alluna ƙanana haka. Wanda ya taɓa yi a teburin rauta ya faɗa min yadda ya sa birki gaba da baya kafin Asabar, don ranar nake son in haɗa.