Lambar da na kasa kira

Sau uku na kalli fim ɗin Gran Torino na 2008, kuma duk lokacin da aka zo ƙarshe sai idona ya ciko. Clint Eastwood ne ya fito a matsayin Walt, tsohon sojan Amurka da ya yi yaƙin Koriya, wanda alhakin wani yaro ke cin ransa: ya harbe shi a fagen daga alhali yaron na neman miƙa wuya. Da 'yan daba suka addabi maƙwabtansa, sai ya je ƙofar gidan 'yan dabar shi kaɗai, ba bindiga. Ya sa sigari a baki, ya kai hannu aljihun rigarsa, suka buɗe masa wuta a gaban shaidu. Da ya faɗi aka ga ƙyastu ne kawai a hannunsa.

Na daɗe kafin na yarda da dalilin hawayen nan. Shekara tara ke nan da na yi wani kuskure a wurin aiki, laifin ya faɗa kan wani matashi sabon ɗauka. Ina tsaye aka kira shi, ina ji ana tuhumarsa, bakina ya ƙi buɗuwa. Aka sallame shi. Har yau ina ganin yadda ya tattara 'yan takardunsa a jakar leda, ya yi mini sallama cikin ladabi.

Tun daga nan nake saƙa wani labari a zuciya: gobara ta tashi, na kutsa na fito da shi, ni kuma na tafi ke nan. A labarin nan ba na furta "ni ne". Abin da ya sa yake min daɗi ke nan. Mutuwar fim ba ta wuce minti biyu, ga kiɗa mai taushi a baya, kuma wanda ya mutu ba sai ya kalli idon kowa ba.

Tarihin wata waƙa ne ya kwance min wannan saƙa. John Newton, mawallafin waƙar cocin nan Amazing Grace, kyaftin ne na jiragen ruwan da ke kwasar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. A 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirgin da yake ciki, ya roƙi Allah rahama, amma duk da haka bai bar wannan fatauci ba sai 1754. An buga waƙar a 1779. Sai a 1788 ya fitar da ƙaramin littafi inda ya bayyana, da sunansa, irin ukubar da ake gana wa mutanen da aka cunkusa a cikin jirgi, ya kuma amsa cewa da hannunsa a ciki. Shekara 34 bayan ya bar fataucin! Ban ce ya wanku ba, wannan tsakaninsa ne da waɗanda ya ɗaure. Amma abin da ya sadaukar a ƙarshe mutuncinsa ne, yana raye, yana jin zafin. Ya rasu a 1807, shekarar da Birtaniya ta haramta fataucin bayi.

Lambar matashin nan ba ta taɓa barin wayata ba. Ranar Talata da daddare na danna ta, hannuna na rawa. Da na faɗi sunana ya yi jim, sannan ya ce, "Yaya, ashe kana nan? Ya iyali?" Na ce masa akwai maganar da ba ta waya ba ce. Mun sa Asabar da yamma. Na rubuta abin da zan faɗa a 'yar takarda, layi huɗu, na soke duk inda na sa kalmar "amma".