Yadda na zama malamin gona

A gidanmu idan yaro yana ƙoƙari a makaranta, sana'a uku ake ambata masa: likita, lauya ko injiniya. Ni likitanci aka sa mini a rai tun ina firamare. Da sakamakon JAMB ya fito makina bai kai ba, sai aka ba ni gurbi a fannin aikin gona. Baba ya ce, "Je ka karanta, arziki na Allah ne." Na je na karanta, amma raina ba ya wurin. Na yi hidimar ƙasa, na dawo gida ina yawon neman aiki ofis-ofis.

A 2016 tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta ta afka wa gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Jigawa da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Kawuna yana noman rani a Kadawa, inda ake ban ruwa daga madatsar Tiga. Ya kira ni a waya ya ce, "Kai da ka karanta noma, zo ka duba mana wannan masifar."

Na tarar ganye duk ya yi fari-fari ya bushe, 'ya'yan sun huje suna ruɓewa a jikin uwa. Na tsinko ganye ɗaya na ɗaga shi a rana, sai ga 'yar tsutsa tana motsi a tsakanin fatar sama da ta ƙasa. Na tsaga shi da farce na nuna wa manoman wurin. Mutanen nan sun ƙarar da kuɗinsu a feshi, safe da yamma, alhali abin da suke son kashewa yana can cikin ganye inda yawancin maganin ba ya kaiwa, kuma yawan maimaita magani iri ɗaya sai ya sa ta saba da shi. Na faɗa musu asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifaniya a 2006, daga nan ta bazu har ta iso mu. Wani dattijo ya katse ni ya ce, "Malam, bar tarihinta, me za mu yi?" Wannan tambayar ce ta mayar da ni kan littattafaina da daddare, da wata irin yunwar karatu da ban taɓa ji ba a aji.

Amfanin shekarar ya riga ya tafi. Da rani ya zagayo muka ƙone ragowar karan tumatir, muka rufe wurin rainon iri da raga, muka kafa tarko mai ƙamshin macen ƙwaron da ke haifar tsutsar don kama mazan, muka riƙa sauya nau'in magani. Manomi ba ya karɓar magana sai ya gani, kuma yana da gaskiya, domin abincin iyalinsa ne a ƙasa. Kawu ya ba ni 'yan fangaloli na gwada a kai, maƙwabta suka riƙa leƙowa.

Abin da na fahimta shi ne, da sunan likita nake so da girman da ake ba shi, ban taɓa zama na ga yadda yinin likita yake ba. Shi ya sa yanzu idan matashi ya nemi shawarata, nakan ce ya samu mai yin sana'ar ya bi shi ranar aiki, ya ga gajiyarta da ƙazantarta, sannan ya tambayi kansa ko zai iya dawowa gobe. Nawa aikin akwai rana, akwai ƙura, kuɗinsa ba yawa. Duk da haka ban taɓa tashi da asuba ina jin nauyin fita ba.

Abin da ya fi damuna yanzu ba tsutsa ba ce, kasuwa ce. Idan kaya suka yi yawa a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, kwando sai ya faɗi warwas, wani ma ya ruɓe kafin mota ta ɗauka. Muna gwada shanya tumatir a kan raga da aka ɗaga sama maimakon a ƙasa, don ya fito ba yashi, manomi ya ajiye shi har damina lokacin da yake tsada.