Kafin ka sayi injin aske shinge, ka fara duban shingenka

Da zarar damina ta zauna a Zariya, wajen watan Yuli, wayata ba ta hutawa. Shingen fulawar da muka aske tas makonni uku da suka wuce ya sake tofowa ya yi buzu-buzu, masu gida kuma wasu su ce in turo yara, wasu su ce sun gaji, inji za su saya su riƙa yi da kansu. Ba na jin haushin masu son sayen injin. Abin da nake tambayarsu shi ne wace fulawa ce a gidan, taku nawa ne tsawon shingen, kuma reshen da ya fi kauri a ciki ya kai ɗan yatsa ko bai kai ba.

Wannan tambayar a wurin maigidana na gaje ta. Wani dattijo ne da ke kula da lambunan gidajen malaman Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Allah ya jiƙansa. Baba muke ce masa. Almakashinsa mai ƙotar icce ne, wurin riƙon ya yi baƙi ya yi santsi saboda gumin shekaru, kuma sai da na yi wata uku ina shara da kwasar ganye kafin ya bar ni na taɓa shi. Aikina na farko kafa turaku biyu da ɗaura igiya a tsakaninsu. Ranar da na yi askin farko na miƙe gefen shingen ciɓir kamar bango ina jin daɗi, sai ya tsuguna ya nuna mini gindin. "Yaro, ƙasa ta fi sama faɗi. In ka bar kan ya yi fiffike, rana ba za ta kai gindi ba, ganyen ƙasa ya zube, kaji su riƙa wucewa." Har yau duk shingen da ya fita daga hannunmu, ka tsaya daga gefe ka hango shi, za ka ga ya ɗan kishingiɗa ciki daga ƙasa zuwa sama.

To, batun inji. Abin da mutane suka fi kallo shi ne launi da ƙara, ni kuwa haƙoransa nake dubawa. Tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori ita ke nuna kaurin reshen da zai iya ci. Duranta, wato fulawar nan mai ganye ruwan ɗorawa da ta cika gidajen GRA da Hanwa, reshenta laushi gare shi, tazarar milimita 16 zuwa 20 ta ishe ta. Haka iksora, sai dai ita a yi mata a hankali, domin yawan aski yana hana ta fitar da jajayen furanninta. Amma tsohon shingen lalle, ko bugenbiliya mai ƙaya da aka shekara ba a taɓa ba, ka cusa musu ƙaramin inji sai reshe ya maƙale a haƙori, injin ya yi gurnani ya ɗauki zafi. Irin waɗannan zarto da almakashin reshe muke fara sa musu, inji ya biyo baya yana gyara. Shingen aguwa ko bini-da-zugu na bayan gari kuwa ba na kai musu inji ko kaɗan. Ƙaronsu yana danƙare wuƙa, ruwan aguwa kuma in ya fantsama a ido ba kyau. Tsawon wuƙa santimita 45 zuwa 55 ya wadatar da gida. Wadda ta fi haka sai dai ta sauke maka kafaɗa.

Inji mai igiyar lantarki shi ya fi sauƙin nauyi, amma sai da wuta, kuma wayar tana bin ka a baya; da yawa sun datse tasu da wuƙar injin. Akwai kuma tarkon da nake so a kiyaye. Wani Alhaji a Tudun Wada ɗansa ya aiko masa da inji mai kyau daga Amurka. Wutarsu ta gida bolt 120 ce, tamu 230. Aka jona, ya yi kuka sau ɗaya, hayaƙi ya tashi. Ya kawo mini shi a buhu yana cewa, "Malam, duba mini, sabo ne fil." Na buɗe na nuna masa wayoyin da suka ƙone, na juya masa takardar da ke jikin injin inda aka rubuta adadin wutar. Wannan 'yar takarda a karanta ta kafin a biya kuɗi.

Na fetur namu ne, masu yini a makarantu da manyan gidaje. Nauyinsa ya kai kilo 5, yawancinsu kuma sai an haɗa musu fetur da man 2T, mililita 20 na man a lita ɗaya ta fetur ga masu buƙatar haɗin kashi 50 na fetur da 1 na man. Mai gida zai aske sau biyu, ya jingine shi da mai a ciki duk tsawon hunturu, damina ta dawo kafireta ta toshe. Ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Shi ya sa ga gidan da ke da shinge mai ɗan tsawo, mai batir nake zaɓa. Na bolt 18 ko 20 ya isa. Ba hayaƙi, ba ƙarar da za ta tashi maƙwabta, wanda yake da sola kuma ya caja shi da rana. Kamfanoni irin su Makita da Bosch batir ɗaya suke yi wa na'urorinsu da dama, saboda haka ka tabbata za ka sami na canji a Sabon Gari ko Kano. Kada a bar batirin a mota ko ƙarƙashin kwano a zafin bazara.

Sai dai jabu ya yi yawa, kuma wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Za a liƙa wa inji sunan babban kamfani, kwali mai sheƙi, ka buɗe gidan giyar injin ka tarar roba ce a inda ya kamata a sa ƙarfe. Wuƙar ba ta yanka, taunawa take yi. Kwana uku bayan aski ka ga bakin ganyen ya bushe ya yi ja, mai gida ya ɗauka ciwo ne ya kama fulawarsa. Wani dila ya taɓa kawo mini guda biyu da rantsuwa, ko wata ba su yi ba. Ɗauki injin a hannunka, ka tabbata ba ya tashi sai ka danna maɓallan hannu biyu a tare, ka gwada shi a kan ɗanyen reshe a gaban mai shago. In ya ƙi a gwada, ka san inda aka kwana.

Haka su ma masu yawo da adda suna cewa askin fulawa suke yi. Su sassare shingen da aka shekara biyar ana reno, su farfasa rassa, gara ta sami ƙofa. Sannan in na faɗi ladan aikina a ce, "Ai wancan yaron rabin haka ya karɓa." Hajiya, ba mu fara aski sai mun bubbuga shingen da sanda saboda gidan rina da maciji, mun ɗaura igiya, mun wasa wuƙa da magagari mun shafa mata mai, in mun gama kuma mu kwashe ganye har na cikin gindi.

Wanda shingensa bai wuce taku goma ba, ba ya ma buƙatar inji. Almakashi mai ƙarfen ƙwarai, wanda ake iya ɗaure kusoshinsa in ya saki, zai yi masa shekaru, kuma har gobe da shi nake ƙarasa kusurwoyi da zagayen ƙofa. Mai son shawara ya yanko reshe mafi kauri daga shingensa ya zo mini da shi rumfarmu da ke hanyar Samaru, mu gwada shi a haƙoran injinan da muke aiki da su. Wasa almakashi da wuƙar inji kuma muna yi kowace Asabar da safe.