Mutumin gidan waya da aka manta da shi

Duk wanda ya ji sunan Bletchley Park, wurin da Birtaniya ke warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, masanin lissafi Alan Turing da Enigma, na'urar sirrin Jamusawa, ne ke faɗo masa a rai. Ni kuwa Tommy Flowers ne ya fi tsaya mini.

Injiniyan gidan waya ne a Landan, aikinsa haɗa layukan tarho. Shi ya ƙera Colossus, wata kwamfuta ta farkon zamani, wadda ta fara aiki a farkon 1944 don warware saƙonnin Lorenz, wata na'urar sirri da manyan hafsoshin Hitler ke amfani da ita. Colossus ta farko tana da ƙwayayen lantarki wajen 1,600. An ce masa za su dinga ƙonewa. Shi kuwa ya sani daga aikin tarho cewa muddin ba a kashe su ana kunnawa, sukan daɗe. Zaren takarda mai huji yana gudu a cikinta, tana karanta haruffa 5,000 a daƙiƙa guda. Mata sojojin ruwa ne ke kula da ita dare da rana.

Bayan yaƙi aka farfasa yawancin na'urorin Colossus da aka ƙera, aka sa shi ya ƙona zanen. Ladansa fam 1,000, alhali har kuɗin aljihunsa ya zuba. Abin da ya fi ba ni haushi, bakinsa a ɗaure yake har shekarun 1970, domin aikin sirrin gwamnati ne.