Jar fatar da ta kusa cinye mini jari

An fi shekara da abin, amma har yau in na ga mace da farin mayafi ta rataya jakata sai gabana ya faɗi.

Sana'ata ta ƙyallaye ce. Guntayen atamfa da shadda da teloli ke sharewa su zuba a bola, ko su cinna musu wuta a bayan shago, su nake bi ina kwasa, musamman gab da Sallah da buhu ke cika kafin la'asar. In wanke, in goge, in harhaɗa su su zama jakunkuna da 'yan fos da rigunan yara. Da farko kyauta ake ba ni, har da godiya na rage musu shara. Da suka ga jakunkunan a Instagram sai buhu ya yi kuɗi. Ban ji haushi ba, haƙƙinsu ne.

Hannun jakar ne ya ja mini. Na ga abin kunya ne ina zaune a Sakkwato in riƙa saka hannun roba da ke ɓarewa bayan wata uku. Fatar jar akuyarmu ce fa ayari suka riƙa ƙetara hamada da ita a zamanin da, Turawa suka same ta a kasuwannin Arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko. Da bagaruwa ake jeme ta, jan kuma na asali daga karan dafi yake fitowa. Sai na fara sayen fata a wurin wani dattijon baduku a Shiyar Madunka, ciniki ya ƙara kyau.

Cikin Afrilu aka ba ni aikin jaka 80 na rabon biki, kwana 12 kacal. Baba badukun ya ce ba shi da fatar da za ta isa, in ba shi mako biyu. Ni kuwa na riga na karɓi kafin alƙalami. Sai ga wani yaro ɗan kamasho ya kawo mini fata ja jawur, har ta fi ta Baba ɗaukar ido, kuɗinta kusan rabi. Na lissafa ribar a kaina, na yi murmushi, na biya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ni ce mai jiƙa kowane ƙyalle a ruwa sau biyu don in ga ko yana zuba. Atamfa mai arha in ta zuba a roba, gefe nake ajiye ta. Amma fatar nan ko yatsa ban jiƙa na goga mata ba. Ko yatsa!

Ranar walima ƙawayen amarya farin anko suka yi. Kun san zafin garin nan a Afrilu, ya haura digiri 40, ga rumfa cike da jama'a. Zufa ta jiƙa hannun jaka, ja ya sauka a kafaɗu da tafin hannu kamar an yi musu lalle da gangan. Bayan magariba uwar amarya ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ɗiyata, don na ga ke tamu ce na ba ki aikin nan." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne." Na mayar da rabin kuɗin, na biya mayafi shida. Ribar da na tara tun ƙaramar Sallah ta tafi a dare ɗaya.

Washegari na kai wa Baba jaka guda. Ya tsoma farin ƙyalle a ruwan buta, ya goga sau ɗaya, ya ɗaga mini shi ja. Ya ce, "Wagga galura ta, ba karan dahi ba. Shafa ta anka yi bisa, ba ta shiga hwata ba. Nawa kinka saye ta?" Na faɗa. Ya girgiza kai ya ci gaba da ɗinkinsa.

Yanzu ko fatar wa ce, har ta Baban, sai na goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle, kowace ɗaya, ba in gwada guda in yarda da sauran ba. Cikin hannun jakar, inda ke taɓa jiki, atamfa nake shimfiɗa masa. Aikin biki kuma in bai kai mako uku ba, a kai kasuwa. Wata ƙawata ta ce ina korar arziki. Ita ba ta ji muryar Hajiya a waya ba.

Jaka 31 aka dawo mini da su. Na farke hannayen ɗaya bayan ɗaya na sake musu sabo, na sayar a hankali. Jajayen hannayen kuwa suna nan cikin leda a ƙarƙashin gado. Mai sana'ar tsince abin da wasu suka yar ba ta iya kai su bola, kuma har yau ban samo abin da zan ɗinka da su wanda zufa ba za ta taɓa ba.