Allon dara mai haske a cikinsa: yadda ake haɗa shi

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa dara ta fi daɗi bayan sallar isha'i, lokacin da zafi ya sauka, amma lokacin ne kuma ido ba ya ganin gurabe idan babu farin wata. Tocilan na taimakawa, sai dai mai riƙe da ita ya gaji, inuwar hannu kuma ta rufe rabin fili. Maganin abin shi ne hasken ya fito daga ƙarƙashin gurbin.

Dara gurabe 30 ce, layi 5 kowanne da gurbi 6. A sa kafinta ya yanko falankin filawud mai kaurin rabin inci, tsawo santimita 56, faɗi 48, ya huda ramuka masu faɗin santimita 3.5, tsakiyar kowanne da na kusa da shi santimita 8. Sai ya yi masa akwati mai zurfin santimita 6, a shafa wa cikinsa farin fenti. Kada a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli, tana haɗa wayoyi su yi tartsatsi.

Gindin gurbi daga farar jarka ake samunsa. A yanko gefenta mai shimfiɗe, a wanke, a goge da sanfefa, a kafe ta ƙarƙashin falankin da ƙananan ƙusoshi. Gam kaɗai ba ya kama irin wannan roba. Kwana kaɗan zai saki.

Kayan wuta kuwa, mai gyaran rediyo ko waya na kasuwar Wudil ko Dambatta zai iya samo su, in babu a aika Sabon Gari: ƙananan ƙwayayen fitila na LED masu milimita 5 guda 30, resisto (ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta) mai ohm 100 guda 30, wato mai zoben ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa, batir mai caji 18650 ɗaya da gidansa, makunni, da ɗan allon caji TP4056. A allon cajin a nemi mai wurin liƙi shida, shi ne ke yanke wuta in batir ya yi ƙasa da yawa. Mai huɗu caji kawai yake yi.

A nan yawancin mutane ke ɓata aikin. Ganin resisto 30 yawa ne, sai a sa guda ɗaya wa ƙwayayen duka, ko a bar shi gaba ɗaya tunda ƙwan ya kama. Ai zai kama. Amma cikakken batir na ba da bolt 4.2, farin ƙwai kuwa kusan 3 yake buƙata, ragowar ce resisto ke shanyewa. Kuma ƙwayayen ba ɗaya suke ba ko da daga leda guda suka fito: wani ya fi jan wuta, ya yi zafi, ya mutu, nauyinsa ya koma kan sauran, su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kowane ƙwai da nasa resiston, a liƙa shi da dalma a doguwar ƙafa, ita ce ta fulos. Sai a ja wayoyi biyu tsirara a kowane layi, ta fulos da ta mainos, da tazarar yatsa biyu tsakaninsu, resisto ya hau ta fulos, gajeriyar ƙafa ta hau ta mainos. Da wannan haɗi allon na jan kusan miliamfiya 300, batir mai rubutun 2000mAh zai kai awa shida.

A goge kan kowane ƙwai da sanfefa har ya dushe, a bar santimita 3 zuwa 4 tsakaninsa da robar. In ya matso kusa, ɗigo ɗaya mai kashe ido za a gani maimakon gurbi cike da haske. Ni dai na fi son ƙwai mai hasken rawaya-rawaya. Farin nan mai shuɗi-shuɗi na tara ƙwari da damina.

Batir na tsohuwar kwamfuta yana yi, amma a auna da mitar wuta, wanda ya gaza bolt 2.5 ko ya kumbura a rabu da shi. Kada a ɗora masa dalma kai tsaye, kada a bar allon a rana. In za a yi caji da ƙaramar sola mai bakin USB, farantin ne a rana, allon a inuwa.

Saura 'ya'yan dara. Haske daga ƙasa yana mayar da tsakuwa da kara baƙaƙe duka, ba a rarrabe na wane. Marafan robar lemo su suka dace, 12 ja, 12 kore, a ɗaga kowanne a gaban tocilan a zaɓi wanda haske ke ratsawa. Faɗinsu kusan santimita 3 ne, suna zama daidai. Idan aka gama zuba 24, gurabe 6 da suka rage su ne za su fi haske, su ne kuma mai dara yake nema da ido.

A ƙarshe a shafa wa waje banish saboda gara, a toshe haɗin akwatin da gam saboda ƙurar hunturu, amma a ɗaure murfin ƙasa da sukuru don a iya buɗewa in wani ƙwai ya mutu.