Bindigar da ba ta tashi a gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara

Ofishina na lauya a Agege ƙarami ne: ni, da ƙaramin lauya ɗaya, da yarinyar da ke buga mana takardu. Rigimar haya da takardun fili su ke biyan kuɗin wuta, amma abin da ke kawo 'yan Arewa ƙofarmu shi ne shari'ar bindiga, galibi ta masu gadi. Mutum ya zo ci-rani, masu unguwa sun damƙa masa bindigar toka yana zagaye da dare. Ranar da aka kama shi, kowa sai ya zame.

Dangi kan zo bayan an riga an yanke hukunci, kuma maganarsu ɗaya ce: "Barista, wallahi bindigar nan ko tashi ba ta yi. Kunamar ta karye, tsatsa ta cinye bakin." Sai in ce, "Baba, zauna tukuna," domin a nan gardamar take.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta ce bindiga ita ce makami mai bututu, mai iya kisa, wanda za a iya harba harsashi ko makamancinsa daga cikinsa. A kan wannan muke tsayawa: in ƙarfen ba ya harbi, da wace hujja aka kira shi bindiga? Wa ya gwada? An kai wa masanin bindigogi na 'yan sanda ya duba, ko kuwa ɗan sandan da ya yi kamun ne kawai ya ɗaga ta a kotu? Sai lauyan gwamnati ya buɗe wannan sashen dai, ya nuna cewa ko wani ɓangare na bindiga ma bindiga ne a idon doka. Ya ƙara da dokar fashi da makami ta 1984, wadda ta ce a haɗe take ko a wargaje duk ɗaya ne, ta kuma tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tarar naira 20,000, ko duka biyun, ga mai riƙe da ita ba lasisi. Lasisin bindigar toka kuwa daga hukumar da kwamishinan 'yan sanda na jiha ya ayyana yake fitowa, ba daga shugaban unguwa ba, komai girman rawaninsa.

A ganina karyayyiyar kunama ita kaɗai ba ta fid da mutum daga gidan yarin Kirikiri. Alƙalan ɗaukaka ƙara ba sa sake sauraron shaidu sai da dalili mai ƙarfi. Kundin shari'ar farko suke karantawa. In lauyan farko bai tambayi ɗan sanda ko an taɓa ɗura wa bindigar albarushi an gwada ba, babu inda zan dafa.

Shi ya sa nake fara bin kundin shafi-shafi, ina neman bayanin amsa laifi. Yawancin mutanenmu da Hausa suka yi magana, aka rubuta da Turanci, suka dangwala yatsa. In tafintan bai zo kotu ya ba da shaida ba, bayanin ya zama ji-ta-ji-ta, kuma sau da yawa nan ne ƙarar ke samun ƙafa.

Wa'adin shigar da ƙara kwana 90 ne daga ranar hukunci. Dangi kan cinye shi wajen haɗa kuɗi a kasuwar Mile 12 da jiran saƙo daga gida, sai mu fara da roƙon kotu ta ƙara mana lokaci.